Na sa wa bashe ƙwan LED, yanzu kowa na kunna mini far a hanyar Tanut

Mutari mai Hilux:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman shawara. Motata Hilux Vigo ce ta 2011, bashe, wato mai buɗaɗɗen baya, ina ɗaukar kaya da ita daga Damagaram zuwa Tanut, wani zubin har Adarbisanat. Galibi dare nake bi saboda zafi na cin taya. Watan jiya, bayan na wuce Bakin Birji, saura ƙiris in hau amalanken shanu. Ba fitila ba komai a jikinsa, sai da na zo dab da shi na gan shi. Allah ne ya kiyaye. Washegari na shiga kasuwa na sayi ƙwan LED guda biyu jika 18, wato sefa dubu 18. A kwalin an rubuta wat 300, lumen, wato ma'aunin yawan haske, 50,000. Yaron gareji ya ɗaura mini cikin minti goma. Haske kam ba a magana, gaban mota fari fat kamar rana. Amma tun ranar duk motar da muka haɗu sai ta kunna mini far, alhali ni kan kod nake. Wani mai tirela ma bai sauke ba har muka gifta. Na biyu, da ƙura ta taso shekaranjiya ban ga komai ba sai farin bango a gabana. Ƙwan ne jabu, ko ɗaurin ne ba daidai ba?

Lawali kabu-kabu:
Au, ashe kai ne! Maigida, ku ji tsoron Allah. Mu da muke kan babur mu muka san abin da wannan farar fitilar take yi. In ta doki idonka sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ganin komai, ga fasinja a baya, ga rami, ga yara na tsallaka titi. Makon jiya wajen Tudun Jamus sai da na sauka kwalta na shiga yashi, ni da wata baiwar Allah da goyonta.

Mutari mai Hilux:
Ƙanena ka yi haƙuri, ba da gangan ba ne. Ai shi ya sa na kawo maganar nan.

Bashir Kano:
Ku yi mini fassara, mene ne kod, mene ne far?

Habu Birni:
Abin da kuke ce wa dim da ful. Kod ita ce ta ƙasa, far ita ce ta nesa. Ka ci gaba da zama da mu za ka iya Hausa.

Isuhu mai lantarkin mota:
Wa alaikumus salam. Malam Mutari, kafin a ce jabu ne ko ɗauri ne, ciro tsohon ƙwanka ka riƙe shi a hannu ka duba. Sunansa H4, ƙafa uku gare shi, zare biyu ne a cikinsa. Ɗaya na far mai wat 60, ɗaya na kod mai wat 55. Ka lura da na kod ɗin, akwai wani ɗan ƙarfe kamar cokali a ƙarƙashinsa. Aikin cokalin nan shi ne ya tare haske kar ya faɗa rabin kwanon fitila na ƙasa. Hasken da ya doki rabin sama shi ke dawowa ƙasa kan hanya, wanda ya doki rabin ƙasa shi ke tashi sama ya shiga idon mutane. Da aka tare shi sai kod ta yi layi, sama duhu, ƙasa haske.

To shi kwanon, wato madubin nan mai ƙyalli na ciki, an ƙera shi ne domin zaren da tsawonsa bai wuce ƙwayar shinkafa ba, kuma yana zaune a wuri guda tak. Ka gusar da shi da kaurin farce biyu ma layin ya lalace. LED ɗin araha kuwa wani sanda ne mai kauri, an manna masa ƙwayoyin haske, wani ma ta fuska huɗu. Haske na fitowa daga inda kwanon bai san da shi ba, sai ya watsar da shi ko'ina. Kai kana ganin bishiyoyi da allunan hanya sun haska kana jin daɗi, shi na gabanka yana zaginka.

Turo mana hoton naka.

Mutari mai Hilux:
Ga shi nan. Fuska huɗu ne, da ƴar fanka a gindi.

Isuhu mai lantarkin mota:
Shi ke nan. Wannan ko mala'ika ya ɗaura shi ba zai yi layi ba.

Malam Zabairu:
Ni malamin kimiyya ne, ba makanike ba, amma lissafin kwalin nan ya dame ni. Wat shi ne bolt sau amfiya. In ƙwai ɗaya wat 300 ne a kan bolt 12, amfiya 25 ke nan yake ja. Fiyus ɗin fitilar irin motarka 10 ne ko 15. Da gaskiya suka rubuta, da ka kunna fiyus ya tsinke tun kafin ka fita gareji. A sa mita a auna, za a tarar bai wuce amfiya biyu zuwa uku ba, wato wat 25 zuwa 35. Lumen ɗin ma haka. H4 na asali yana ba da kusan 1,000 a kod, 1,650 a far. Mai cewa ɗan abin nan zai ba da 50,000 tatsuniya yake yi.

Akwai kuma yaudarar da ido ke yi wa mai shi. In haske ya taru a mita goma na gaban mota, baƙin idonka tsukewa yake yi kamar ka fito rana. Sai kusa ya yi kyau, nesa ta ƙara duhu. Ga shi a gudun kilomita 90 mota na cin mita 25 duk daƙiƙa ɗaya. Amalanken da zai kashe ka ba a mita goma yake ba, yana can mita sittin ko saba'in, inda kake buƙatar haske.

Sanusi kayan mota:
Tun ɗazu ina karantawa na yi shiru, amma an fara mayar da mu ɓarayi. LED iri-iri ne jama'a. Akwai na jika 8, akwai na jika 40. Mai kyau allonsa siriri ne, fuska biyu kawai, ƙwayoyin na zaune daidai inda zaren tsohon ƙwai yake, har da cokalin da Isuhu yake faɗi, kuma akwai zobe da ake juyawa a saita shi. Ina da shi a shago. Wa ke saye? Mutum ya shigo ba ya tambayar layi, cewa yake "ba ni wanda ya fi haske". In na kunna masa mai kyau ya ce bai kai na maƙwabcina ba. To in zauna da kaya su yi ƙura?

Sannan ku faɗi alherinsa mana. A hanyar Tanut da ramukan nan, ƙwai mai zare nawa kuke canzawa a shekara? Girgiza ke tsinka zaren. LED ba shi da zare. Ba ya shan batir sosai, in mota na tsaye a kasuwa kana sauke kaya da fitila a kunne ba ka tashi neman masu turi.

Lawali kabu-kabu:
Wato ka san sharrinsa kake sayarwa.

Sanusi kayan mota:
Mai sayar da wuƙa ne ke yanka mutane?

Hajiya Rakiya:
Ku bar faɗan don Allah a amfana. Ni motar haya nake bi zuwa Magariya da Matamai sarin kaya, sau da yawa sai bayan isha muke dawowa. Ina zaune gidan gaba ina ganin yadda direba ke kare fuska da hannu in irin waɗannan sun taho. Akwai ranar da direbanmu ya tsaya cak a tsakiyar kwalta don bai san inda gefen hanya yake ba. Mu fasinja salati kawai muke yi. Malam Sanusi, mai wuƙa ai ba ya ce wa mai saye ta aski ce alhali ta fawa ce.

Alhaji Mamman tsohon direba:
Salamu alaikum yara. Jikana ke rubuta mini. Na fara tuƙi da Peugeot 404 bashe, na koma 504. Fitilunsu ruwan ɗorawa ne, domin a Faransa doka ce a lokacin, sai a 1993 suka sake ta. Da su muka yi Agadas, muka yi Gure, muka yi Diffa, lokacin da rabin hanyar ba kwalta. Ba su da ƙarfi, gaskiya ne, amma in hazo ya sauka ko ƙura ta taso kana ganin sawun taya. Wannan farin mai shuɗi-shuɗi na yanzu, in ya doki ƙura dawo maka yake yi. Kuma ku sani idon tsoho ba ya warwarewa da wuri. Kai yaro in an haske ka nan da nan ka dawo daidai, ni sai na daɗe ina ganin kore-kore. Shi ya sa na daina fita da dare ko zuwa Mirya.

Mutari mai Hilux:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Abin da kuka faɗa na ƙura shi na gani da idona.

Malam Zabairu:
Baba ya yi gaskiya, sai dai in ƙara kaɗan. Launi na da nasa, a ma'aunin launin haske tsohon ƙwai kusan kelbin 3,200 ne, waɗannan 6,000 zuwa 6,500, kuma ido ya fi jin zafin mai shuɗin. Amma babban abin da ya gina wa Malam Mutari farin bango shi ne hasken da ke tashi sama. Ƙurar da ke daidai gilashin gabanka ita ake haskawa, ita ke dawo maka da shi. Fitilar da ke da layi tana bi ta ƙarƙashin wannan ƙurar. Dalilin da ya sa ba a kunna far cikin hazo ke nan.

Agali na Agadas:
Ni Land Cruiser gare ni, mai buɗaɗɗen baya, kuma na sha wahalar abin nan kafin in gane. Sau biyu ina sa masu fanka. A garinmu da naku fanka ba ta shekara, ƙura ke cika ta, ta fara kuka, ta tsaya. Da ta tsaya ƙwan ya yi zafi, hasken ya ragu, wata rana ya mutu. A watan Afrilu da Mayu da ake wuce digiri 40, ga zafin inji, ko fankar na aiki za ka ga bayan rabin awa hasken bai kai na farko ba. Abin haushi kuma, don gindin ya samu shiga yaran gareji yanke robar bayan fitila suke yi, ko su jefar da ita. Daga nan ƙura ta samu ƙofa, ta kwanta kan madubin. Madubin nan kuwa ba a goge shi, kana sa tsumma ƙyallin ya tafi. Malam Mutari, duba ko robarka na nan.

Abin da na yi daga baya, na bar fitilun gaba yadda kamfani ya yi su, na ɗaura doguwar LED a kan ƙarfen gaba da makunninta daban. Sai na shiga daji inda ba kowa nake kunna ta. Ina hango wata fitila ko wutar makiyaya na kashe.

Mutari mai Hilux:
Na duba. Roba ɗaya an tsaga ta, ɗayar babu ita gaba ɗaya. Innalillahi.

Habu Birni:
Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Lawali kabu-kabu:
Malam Agali kai kana kashewa. Na cikin gari da ke yawo da doguwar a kunne gaban Kasuwar Dole fa? Daji ne can?

Agali na Agadas:
Wannan rashin tarbiyya ne, ba laifin fitila ba.

Hamisu daga Liyon:
Ina gaishe ku daga Faransa. A nan Turai ba a ɗaukar maganar da wasa. Jamus sai a 2020 ta fara yarda da sa ƙwan LED cikin fitilar da aka ƙera domin mai zare, shi ma sai wanda aka gwada, kuma ga jerin motocin da aka yarda a sa wa. Motarka ba ta cikin jerin, ba ka sawa. A Ingila kuwa tun 2021 mota na faɗuwa binciken shekara in an tarar da haka. Ba wai sun ƙi LED ba ne, sababbin motoci duk da shi suke fitowa. Amma can kwanon da ƙwan tare aka ƙera su.

Sanusi kayan mota:
To ka ji. Ashe akwai wanda ya ci jarrabawa. Abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu.

Isuhu mai lantarkin mota:
Akwai, ban musa ba, na ɗaura su kuma wasu sun yi layi mai kyau. Amma ni tambayar da ba wanda ya yi ita ce, me ya sa tun farko Malam Mutari bai ga amalanken ba? Vigo ba makauniyar mota ba ce. In fitilarta ta koma kamar aci-bal-bal, wani abu ne ya lalace, kuma sabon ƙwai ba ya gyara shi.

Gilashin waɗannan roba ne, rana na cinye shi ya yi ja kamar ruwan shayi. Wannan kaɗai na riƙe haske mai yawa. Ana wanke shi da takardar gurza mai laushi da ruwa, daga mai kaushi zuwa mai santsi, sannan a fesa masa maganin rana. In ba a fesa ba wata uku ya koma. Masu goge shi da man goge baki ko man birki, kwana biyu ne.

Sai waya. Motar da ta shekara goma sha wani abu, makunni ya ci, soket ya ƙone, mas, wato wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, ya yi tsatsa. Batir na ba da 14, abin da ke isa ƙwai 12 ko ƙasa. Shi kuwa mai zare ba ya yafe wannan, wuta ta ragu kashi 10 cikin ɗari, haske ya ragu kusan kashi 30. Maganinsa rile biyu, wato ƙananan makunnai masu aiki da lantarki, da waya mai kauri kai tsaye daga batir, da fiyus ɗinta. Kar kuma wani ya ce zai sa mai wat 100, soket zai narke, kwanon ya ƙone.

Wani abu ga masu tsofaffin Toyota, da yawansu ta wajen mas makunnin ke yankewa, ba ta wajen wuta ba. Mai zare bai damu ba, amma wani LED ɗin sai ya ƙi kamawa, ko shuɗin alamar far ya daina fitowa a allo. Sai ka ga mutum na yawo da far bai sani ba.

Mutari mai Hilux:
Ni wani abu ma na lura, in na kunna fitila rediyo sai shuuu. Da ina jin labarai har kusa da Sabon Kafi, yanzu ko cikin gari da ƙyar.

Isuhu mai lantarkin mota:
Ɗan akwatin da ke jikin wayar ƙwan ne ke yin haka, na araha ba su da abin tace hayaniya. Yau da magariba ka yi wannan. Nemi fili mai daidai da bango, ka tsayar da mota mita 10 daga bangon, iskar taya daidai. Auna daga ƙasa zuwa tsakiyar fitila, ka ja layi da gawayi a bango a wannan tsayin. Kunna kod. Layin haske ya kamata ya zauna kamar santimita 10 zuwa 12 ƙasa da gawayin. A jikin fitilar ma an rubuta, za ka ga 1% ko kusa da haka. Kuma ya kwanta ta hagu, ya ɗan hau ta dama, domin mu dama muke bi, hawan nan shi ke haska maka gefen hanya inda jaki da masu ƙafa suke. Ka gwada da LED, ka mayar da tsohon ka sake gwadawa. Wutar kuma da tsohon ƙwai za ka auna, inji na aiki, don LED ba ya ja sosai, zai ɓoye maka ciwon.

Alhaji Mamman tsohon direba:
A ƙara masa da maganar lodi. Bashe in ta ɗauki buhu goma sha biyar gindi ke zama, hanci ya ɗaga. Kod ɗinka ta zama far. Mu da lodi muke saita fitila, ba wayam ba.

Mutari mai Hilux:
Jama'a na dawo. Mun yi gwajin a bangon makarantar unguwarmu ni da yarona. Da LED babu layi ko kaɗan, haske har saman bango, har kan bishiyar bedi da ke bayansa. Na tsaya a gaba na duƙa daidai tsayin mai babur, wallahi Lawali ka yafe mini. Da tsohon ƙwai layi ya fito. Batir 13.9, a bakin ƙwai 11.9. Amma ga wani abin mamaki, fitilar hagu tana hawa ta dama yadda Malam Isuhu ya ce, ta dama kuwa ta hagu take hawa.

Malam Zabairu:
Bolt biyu cif. A lissafi kusan kashi 40 na haskenka a waya yake mutuwa.

Isuhu mai lantarkin mota:
Ta daman nan, ka taɓa canza ta?

Mutari mai Hilux:
Bara, da akuya ta fasa mini ita. Ta hannu na saya, an ce ta asali ce.

Isuhu mai lantarkin mota:
Ta asali ce, amma ta ƙasar da ake bin hagu. Hilux ana ƙera ta a Tailan da Afirka ta Kudu, duka biyun hagu suke bi, kuma kayan gwanjo daga ko'ina suke zuwa. Duba jikin gilashin kusa da harafin E, in ka ga kibiya mai kai ɗaya to ta masu bin hagu ce. Tamu ba ta da kibiya, ko kuma mai kai biyu. Wato tun bara kake zuba wa masu tahowa haske a ido, gefen da amalanke yake kuma ka bar shi a duhu. Wannan ba a saita ta, sai canji.

Mutari mai Hilux:
Akwai kibiya.

Sanusi kayan mota:
To Alhamdulillahi, ashe ba LED ne ya fara ɓarnar ba. A rubuta wannan. Malam Mutari, ina da fitilar dama ta Vigo marar kibiya, ka zo da motar a gwada a bango kafin ka biya. In ka gyara waya da gilashi kuma har yanzu kana son fari, in ba ka siririn ka gwada, in bai yi layi ba ka dawo mini da abina.

Agali na Agadas:
Ka haɗa masa da robar baya guda biyu.

Mutari mai Hilux:
Na gode ƙwarai. Asabar zan kawo ta, Malam Isuhu ka ajiye mini rile. Fitila da waya tukuna, siririn sai na ga abin da ya rage a aljihu. Waɗannan masu fuska huɗun kuma, akwai mai so? Jika 10 na bari.

Lawali kabu-kabu:
Haba maigida! Ka cire ƙaya daga ƙafarka ka dasa a hanya?

Hajiya Rakiya:
Malam Zabairu, in an haɗa shi da batirin sola zai kama? Rumfata ba ta da haske in an ɗauke wuta.

Malam Zabairu:
Zai kama Hajiya, bolt 12 ne. A sa masa fiyus, a rataye shi sama yana kallon ƙasa, kar a rufe fankar. Sai dai zai sha batir fiye da ƙwan sola na gida, ɗaya ya ishe ki.

Hajiya Rakiya:
Malam Mutari, jika 3 guda ɗaya.

Mutari mai Hilux:
Hajiya ki ƙara wani abu mana.

Hajiya Rakiya:
Kai da bakinka ka ce yana hana jin rediyo.